Dam ɗin da ke Ƙirjin Rabi

Tun da muka dawo daga ƙasar Nijar ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a teburin mai shayi na tashar Mafara, wannan ya ce Injiniya yaya can, wancan ya ce da gaske ne burodinsu ya kai sandar makiyayi tsawo. To ga shi na rubuta, wanda bai iya karatu ba ya nemi mai karanta masa. Amma bari in hutar da ku neman wawan labarin tun da wuri: ni ne. Akwai direba mai rantsuwar ƙarya a ciki, akwai jandarma, akwai yayata Kulu, duk cikinsu babu wanda ya kama ƙafata.

Don wanda bai san ni ba, sunana Sani, mutumin Morai. Na yi elemantare har aji uku kafin mahaifina ya lura gona ta fi makaranta bukatata. Da aka gama dam ɗin Bakolori aka fara sakin ruwa a kanal, sai aka ɗauke ni gadin wata ƙaramar ƙofar ruwa. Aikina shi ne in ɗan saƙo ya zo a kan keke ya ce a buɗe, in juya ƙarfe. In ya dawo ya ce a rufe, in juya shi baya. Saboda zurfin wannan ilmi mutane suka sa mini suna Injiniya, ni kuma ban ga dalilin musantawa ba. A unguwarmu ni ke karanta wa jama'a rubutun jikin buhun taki da na kwalbar magani.

Rabi ita ce autata. Uwarta ta rasu tana ƙarama, Yaya Kulu ta rene ta. Rabi tana aure a Maradun, mijinta yana cikin waɗanda ruwan dam ya ci gonarsu, ya tafi kudu neman abin yi. Da cikinta na fari ya tsufa ta dawo gida, ta haifi namiji ana tsakiyar zafin bazara. Yaya Kulu kuwa ba ta wasa da jego. Tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, kunun kanwa kwarya guda, in ta shanye a ƙaro. Kafin arba'in ƙafafun yarinya sun kumbura, in ta kwanta numfashi ya ƙi, sai a zaune take barci.

Na kai ta ɗakin shan magani a Mafara. Malamin asibiti ya ce zuciyarta ce ta gaji, ya ba mu wasu ƙwayoyi farare ya ce ɗaya kullum, kuma a daina kanwa. Yaya ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa yaro don ya bar wurin. Rabi ta fara samun sauƙi, har tana dariya.

Nan ne ilmina ya motsa. Na ɗora ƙwayar a tafin hannuna na dube ta, ba ta fi ƙwayar dawa ba. Na ce a raina, wannan 'yar abu ita za ta tashi mace mai shayarwa? Ni da na ga yadda shinkafa ke miƙewa in an ƙara mata ruwa? Ana cikin haka maƙwabcinmu ya zo dubiya. Kun san mu, ba a zuwa wurin marar lafiya hannu sake, kuma wanda ya taɓa jinya a gidansa ragowar magani yake kawowa. Ya kawo na tsohuwarsa, wadda ta rasu ta bar su da yawa. Ban tsaya tunanin wannan ba. Na jera takardun biyu na karanta sunan harafi-harafi, ya zo daidai, na juye su duka a gwangwanin madara. Daga ranar Rabi ta koma sha da safe, da rana, da magariba, in ta yi tari in ƙara mata ɗaya.

Sai amai. Ta ƙi abinci. Ta ce komai rawaya take gani, bango rawaya, fuskar jaririn rawaya, fitila kuma ta yi zobe. Na sa yatsu a wuyan hannunta yadda na ga malamin asibiti ya yi, na ji zuciyar ta buga biyu, ta tsaya har sai da tawa ta tsaya, sannan ta kwasa a guje kamar injin ban-ruwa da mai ya kusa ƙare masa. Yaya ta ce shawara ce, ko kuma baki. Ni na ce kanwa ce, don na kama ta tana jiƙawa a bayan ɗaki. Na yanke hukunci cewa maganin Mafara ba shi da ƙarfi, sai mun je inda ake da manyansa. Wani direba ya taɓa ba ni labarin asibiti gaba da Ƙonni inda mutanenmu ke zuwa, na ce can muka nufa.

Muka shiga a-kori-kura ta Sakkwato da sassafe, ni da Yaya da Rabi da jariri da gwangwanina. Direban ya rantse da kabarin ubansa yanzu za a tashi. Rana ta ɗaga muna nan, daga baya na ji uban nasa yana raye, shi ke sayar da rake a bakin tashar. Na sauka na hau ya fi a ƙirga. In na zauna sai in ji kamar in tura motar da hannu, in na tsaya sai in ji numfashin Rabi daga inda nake.

Kusa da Tureta taya ta fashe. Muka koma gindin wata tsamiya, Rabi ta jingina da Yaya, jariri yana ta tsala kuka don nonon ya ja baya. Cikin fasinjoji akwai wata Bafillatana mai goyo. Ta miƙo hannu ta karɓe shi ta sa masa nata, ya kama kamar ya san ta. Da ya ƙoshi Yaya ta tsare ta da tambaya: sunanta, sunan 'yar da take goyo, rugarsu, sunan mijinta. Na ce Yaya bar baiwar Allah ta huta. Ta ce yaran nan sun zama wa da ƙanwa, in ba a riƙe sunaye ba wata rana a ɗaura auren da bai halatta ba, wa zai ɗauki zunubin? Na ga tana shirin auren yaron da bai yi arba'in ba, alhali uwarsa ko ruwa ba ya zama a cikinta, sai na kau da kai. Kafin mu tashi na ba Rabi ƙwaya ɗaya, guzurin hanya.

A tashar Sakkwato wani dattijo mai sayar da goro ya dubi yarinyar ya ce ga babban asibiti nan cikin gari, me zai sa mu wuce shi da mai wannan hali. Na ce masa an riga an tsara tafiya. Yaya ta dube ni ta ce Allah ya shirye ni, da muryar da ba ta sa ran za a amsa. Muka bi ta Gwadabawa, la'asar ta same mu Illela.

Iyaka ba komai ba ce, in gaya muku, sanda ce aka gitta a hanya. Wannan gefe Hausawa, wancan gefe Hausawa, akuya kuwa wucewa take yi ba mai tambayarta takarda. Namu suka leƙa motar suka ga marar lafiya suka ce mu wuce. Na can su ne ba su san wasa ba. Jandarma ya tsaya ƙiƙam, hula kamar an ɗinka ta da kansa. Na gyara riga na zuba masa Turancin da na tara tun aji uku, har da wanda na tsinta wurin masu aikin kanal. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Baba, yi Hausa mu duka mu huta."

Masu binciken kaya, su can duwan suke ce musu, suka kwance ƙullin Yaya. Sai ga kanwa, dunƙule guda kamar kan jariri. Ɗaya daga cikinsu ya kira abokan aikinsa su zo su ga tsohuwar da ta ɗauko kanwa daga Nijeriya za ta shiga da ita ƙasar da ake haƙo ta. Suka yi ta dariya, ni ma na taya su, har na yi musu bayanin cewa wannan dunƙule shi ya kwantar da ɗiyata. Ya buɗe gwangwanina ya tambayi mene ne, na ce magani ne, kuma ni ke kula da shi. Ya rufe ya miƙo mini da hannu biyu. Da ya san abin da ke ciki da ni ya kamata ya tsare.

A Ƙonni muka sauka gidan wani Alhaji ɗan Bakura da ya daɗe can yana fatauci. Gaisuwa kawai ta ci rabin yammacin, don sai da ya tambayi kowace fadama da sunanta, ko gaskiya ne tun da aka tare kogi ruwa ba ya hawa inda ya saba. Na amsa ina leƙen ɗakin mata. Aka kawo fura, kuma zan faɗi gaskiya ko da za ku ji haushi: ta fi tamu. Burodin da kuke tambaya gaskiya ne, dogo ne, bayansa kamar ɓawon itace, na bar masa rabin haƙori. Suna ce wa asibiti likita, shi likitan kuma lokotoro. Da tsakar rana kowa rufe ƙofarsa yake yi ya kwanta, har ma'aikatan gwamnati, abin da mu a nan muke yi a ɓoye su sun mai da shi doka. Na ci, na yaba, amma ban san inda abincin ya tafi ba.

Da safe Rabi ta miƙe za ta yi alwala sai ta sulale. Idanu suka juye. Yaya ta rungume ta tana kiran sunan uwarta, ni kuwa ina ta kokawa da murfin gwangwani. Ta farfaɗo, na tura mata ƙwaya, ta amayar da ita nan take. Na yi faɗa, na ce ana ɓarnar magani.

Alhaji ya samo mana mota. Asibitin yana gefen titi, jama'a ta ko'ina, Buzaye da rawunansu, mutanen Adar, namu na Gobir da Zamfara. Da suka ga yadda aka riƙo Rabi ba su bar mu a layi ba. Likitan Bature ne dogo mai furfura, Hausarsa irin ta ƙauyukan can, in ka rufe ido ka ce mai sayar da albasa ne. Ya daɗe yana sauraren ƙirjinta. Sannan ya tambaye ta ko tana ganin abubuwa rawaya. Na yi mamaki, don ba wanda ya gaya masa. Ya tambayi maganin da take sha.

Na ji lokacina ya zo. Na fito da gwangwani na ajiye a teburinsa, na yi masa bayanin tsarin tun daga shinkafa har zuwa tsohuwar maƙwabci, ban rage komai ba, har na Tureta. Na ƙara da cewa ni ma ma'aikaci ne, a harkar ruwa.  Ya jawo gwangwanin ya sa a aljihun rigarsa, ya kira ma'aikata, aka ɗauki Rabi aka yi ciki da ita da sauri. Aka bar ni tsaye da hula a hannu.

Sai bayan azahar ya aiko a kira ni. Ya ce tunda ni mutumin dam ne, in gaya masa yadda nake aikina. Na gaya masa: ɗan saƙo, keke, ƙarfe. Ya ce to, tsokar zuciya an gina ta da 'yan mitsi-mitsin ɗakuna da ido ba ya gani, kuma kowane ɗaki yana da dam nasa a ciki. Abin da aka tare a wannan dam ba ruwa ba ne, wani sinadari ne da ake kira kalsiyam, irin wanda ke cikin ƙashi da nono. Duk bugu ɗaya, saƙo yakan zo ya buɗe wata 'yar kafa a bangon ɗakin, ɗan kalsiyam kaɗan ya shigo daga waje. Wannan kaɗan ɗin ba zai iya motsa komai ba. Aikinsa ya je ya taɓa ƙofar dam ɗin cikin, ita kuma da ta ji shi sai ta buɗe ta saki mai yawa, tsoka ta damƙe, jini ya fita. Na ce wato kamar in watsa wa ƙofata ruwan buta, ita kuma ta saki kogi. Ya ce haka, ɗan saƙon da abin da aka tare duk jinsi ɗaya ne. Bambancinsu da namu, nasu ruwan ba ya tafiya Bakura ya ɓace. Akwai masu kwashe shi su mayar cikin dam nan da nan, tsoka ta saki, a jira saƙo na gaba. Haka tun ana cikin uwa har ranar da aka kira mutum.

Na fara jin daɗin hirar, har na gyara zama. Sai ya ce ƙwayar nan aikinta ta sa dam ɗin ya ɗan ƙara cika, don zuciyar da ta gaji ta samu ƙarfin damƙa. Shi ya sa ɗaya ta taimaka. Ya fito da gwangwanin ya girgiza shi.

"Injiniya, in dam ya cika ya wuce iyaka, ƙofa tana jiran mai keke?"

Na ce ba ta jira, tsiyaya take yi ta ko'ina.

"To ita ce zuciyar ɗiyarka. Ƙofofin suna buɗe kansu ba a aiko ba. Kowane ɗaki yana sakin nasa sa'ad da ya ga dama."

Na san abin da ruwan da ba a aiko ba yake yi wa gonar mutum. Na tambaye shi ko za ta tashi. Ya ce ba shi da ƙofar da zai buɗe ya zubar da abin da na zuba, jiki ne zai fitar da shi a hankali, su nasu su tsare ta su gyara gishirin jininta da amai ya kwashe. In zuciyar ta jure har dam ya sauka, to. Bai ƙarasa ba, ni ma ban nemi ya ƙarasa ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan ba ku labarinsu ba, don ban zauna ba balle in lura. A bayan ɗakin marasa lafiya akwai itatuwa inda 'yan jinya ke girki, kowa da murhunsa. Na zagaye wurin har wata Buzuwa ta tambayi Yaya ko ni ne marar lafiyar. In na shiga sai in kama wuyan hannun Rabi, in ji biyu, tsit, sannan gudu. In fita, in dawo, in sake kamawa, har wata ma'aikaciya ta hana ni wuce bakin ƙofa. Na koma masallaci, can ma na kasa, ina sallama ina miƙewa. Da can in na ji kalmar zuciya, wurin fushi da haƙuri na sani. Yanzu in na kwanta sai in ji tawa, in ta lissafa ƙofofin nan suna buɗewa suna rufewa ba mai gadi, ba albashi, kuma ba su taɓa kuskure ba sai da Injiniya ya sa hannu.

Yaya kuwa kau da kai take yi in na zo kusa duk tsawon lokacin, wanda ya fi zagi ciwo. Ita ma an kira ta. Likitan ya gaya mata kanwa tana tare ruwa a jiki, zafin wanka da na gado suna ƙara wa zuciyar mai jego kaya, su suka fara gajiyar da ita. Ta saurara, ta je ta kwanto dunƙulen nan da ya tsallake iyaka ta ajiye masa a tebur kusa da inda gwangwanina ya zauna. Jariri kuwa ya sha nonon mata har uku a gindin itatuwan nan, Yaya tana riƙe da sunayensu duka a ka.

Wata safiya ina tsaye a inda aka iyakance mini, na ji muryar Rabi tana cewa, "Inna, ashe zanen nan naki shuɗi ne?" Sannan ta ce tana son fura. Ma'aikaciyar da ta kore ni ita ta kamo hannuna ta ɗora a wuyan hannun yarinyar. Ɗaya, ɗaya, ɗaya, kamar tafiyar raƙumi. Na fita bayan ɗakin na daɗe ina duban wata bishiya da ba ta da abin kallo.

Da za a sallame mu aka sake ba ta ƙwayar nan dai, ɗaya kullum, aka ce ta daɗe tana hutawa kuma a riƙa kai ta Mafara ana dubawa. Likitan ya tsallake hannuna da na miƙa ya ba Yaya. Ta ƙulle a bakin zane, ƙulli uku.

Kun san hali ba ya jinya. Muna wuce Illela, iskar gida ta buge ni, ga Rabi tana ba ɗanta nono, sai na ji bakina ya dawo. Motar cike take da 'yan kasuwar albasa, na ga bai kamata su sauka da jahilcinsu ba. Na yi musu bayanin kalsiyam, da 'yar kafa, da ƙofar da ke jin taɓi, da masu mayar da ruwa cikin dam. Na ce ni da likitan mun tattauna matsalar a matsayin ma'aikata biyu. Wani ya ce Allah ya ƙara sani. Na ji daɗi, na juya wajen Yaya na ce ta dai ji da kunnenta, asalin abin duka kanwa ce da rashin zuwa makaranta.

Ba ta ko ɗago kai daga gyaran goyon da take yi ba.

"Awo, Sani. Ni dai da jahilci niy yi tawa ɓarna. Kai ko sai da kak karanta."